Yadda ake ɗaura sifok a rim ɗin moto, tun daga kwancewa har a saita shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu moto, da ku yaran shago da ke koyon aiki a Magazin da Aboabo da Asawase a nan Kumasi. Maganar sifok nake son mu yi yau, wato wayoyin ƙarfen nan da suka haɗa rim da tsakiyar ƙafa, don abin yana damuna, sai kaga mutum ya cire rim lafiyayye ya jefar a kwandon kwandem wai sifok biyar sun tsinke, ya je ya sayo rim na alloy mai arha ya saka, rami ɗaya ya faɗa a hanyar Tafo abin ya tsage. Rim mai sifok yana shanye duka, in ya lanƙwashe ana iya dawo da shi, shi yasa har yau motocin da ake tsere da su a daji ba su rabu da shi ba, kuma duk wanda ke bin hanyoyin ƙauyukan Techiman ko ya haura arewa wajen Tamale da Bawku ya san haka. Aikin ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Ido yake so da haƙuri, kuma rabinsa ana gama shi ne tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Kafin ka taɓa komai

Cire ƙafar daga moto, sace iska, fitar da taya da tib da robar da ke kwance a cikin rim. In na baya ne cire sifaket da farantin birki, ya rage hob, wato cibiyar ƙafar, da rim da sifok kawai. To tsaya nan, kar ka ɗauko gurainda. Wannan shi ne kuskuren da yake kashe yara da yawa, masta ya ce a canza sifok, yaro ya yanke duka cikin minti biyu, sai a zauna ana kallon hob da rim ba wanda ya san yadda suke a da.

Ɗauko wayarka ka ɗauki hoto, gefen birki da ɗaya gefen, na kusa da na nesa, musamman wajen ramin bawul. Sai ka sa alli ko fenti ka yi alama a rim ɗin wane gefe ne ke kallon birki, don wasu rim ɗin hudarsu ba iri ɗaya bace a gefe biyu. Ka zaɓi sifok biyu da suke kusa da juna a bakin hob waɗanda suka gitta juna, ka bi su da yatsa har rim, ka ƙirga ramuka nawa ne a tsakaninsu, rubuta. Ka ƙirga kuma sifok ɗaya sau nawa yake tsallake 'yan'uwansa na gefensa, yawanci biyu ne ko uku.

Sai awon da mutane suka fi mantawa. Kwantar da ƙafar a ƙasa, ɗora rula doguwa ko wani ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuskar hob ya tsallake rim, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen da bakin rim da milimita. Auna a wuri uku ko huɗu don tsohon rim ba ya rasa rawa, ka ɗauki na tsakiya. Wannan lambar ita za ta gaya maka inda rim zai zauna a kan hob, in ka rasa ta zaka iya gama aiki tsaf rim ya miƙe amma taya ta dinga gugar cen ko ta jingina da fok, moto yana tafiya a karkace mai shi bai san dalili ba.

Yanzu ka kwance. Zuba ma kowane noti man kwance tsatsa ko kananzir da aka haɗa da ɗan baƙin mai, ka bar shi ya sha. Kumasi garin ruwa ne, damina biyu muke yi a shekara, saboda haka yawancin notin zaka same su sun kama. Sassauta kaɗan-kaɗan kana zagayawa, kar ka kwance gefe ɗaya duka ɗayan yana ɗaure, rim zai murɗe. In sun ƙi, yanke su, amma ka tabbata ka fitar da guda ɗaya lafiyayye daga kowane iri, shi zaka riƙe ka tafi kasuwa.

Duba rim ɗin sosai. Goge tsatsar ciki da burushin waya, kalli bakin kowane rami, in akwai tsagewa ko ramin ya zurma ko tsatsa ta cinye har ƙarfe ya yi siriri, wannan rim ya gama aiki. Kwantar da shi a kan daɓen siminti mai kyau ko gilashi, in yana lilo sosai wani gefe ya tashi har yatsa yana shiga, sifok ba zai miƙar da shi ba, zaka ja ne kawai har wasu su tsinke wasu su yi sako-sako. Hob ma duba bakinsa ko ya tsage. Boris kuma, wato wanda hob ke juyawa a kansa, in yana kaɗawa canza shi yanzu, don ba a saita rim a kan boris da ya mutu, rawar boris zaka dinga bi kana zaton ta rim ce.

Sayen kaya

A jikin rim akwai rubutu, misali 1.40x17 ko 1.60x17 ko 1.85x18. Lambar farko faɗi ne, ta biyu girman da'ira, duka da inci. Ƙananan motocin da muke hawa yawancinsu rami 36 ne, inci 17 ko 18, Honda CG125 da 'yan'uwansa na China 18 ne, Boxer 17, na daji kuma 21 a gaba 18 ko 19 a baya. Wasu manya da tsofaffin motocin Ingila rami 40 suke da shi. Ƙirga naka, kar ka yi zato. In sabon rim zaka saya, girma da yawan rami kaɗai basu isa ba, dole hudar ta dace da girman hob ɗinka, rim da aka huda don ƙaramin hob in ka saka ma babban hob zaka ga sifok yana lanƙwasa a bakin noti, kuma nan zai karye.

Sifok na gaba da na baya tsawonsu ba ɗaya bane. Ana auna shi daga cikin gwiwa zuwa ƙarshen zare. Kaurinsa kuma ana kiransa da geji, 10 kusan milimita 3.2 ne, 9 kusan 3.6, 8 kusan 4, wato lamba tana raguwa kauri yana ƙaruwa. Masu ɗaukar kaya suna son mai kauri a baya, ba laifi, in dai yana shiga ramin hob ba tare da an faɗaɗa shi ba. Ni dai bana goyon bayan a sa diril a bakin hob, naman wajen kaɗan ne.

Ka tafi da samfurinka Magazin ko duk inda kake sayen kaya, ka jera sabo da tsoho a tafin hannu ka gani da idonka kafin ka ba da sidi ɗinka. Sayi cikakken saiti da notinsa. Haɗa tsoho da sabo wahala ce, tsohon ya riga ya gaji. In ka samu na sitenles yana da kyau don baya tsatsa, sai dai zarensa yana saurin cijewa, dole a shafa masa mai sosai.

Makullin sifok kuma nemi wanda ya kama notin dam. Girman da aka fi gani su ne 4.5 da 5.1 da 5.8 da 6.1. Filaya ko sifana mai sassauci ba abin da suke yi sai cinye kusurwar noti, daga nan ba gaba ba baya.

Raba su gida biyu

Buɗe ledar ka zube su a kan tire. A hob mai birkin durom irin namu sifok iri biyu ne, na ciki da na waje, 18 da 18. Bambancin yana gwiwa. Na ciki gwiwarsa a buɗe take, ta ɗan wuce digiri 90. Na waje gwiwarsa ta fi tanƙwarewa, wuyansa kuma ya ɗan fi tsawo don sai ya zagayo bakin hob. Na ciki ana zura shi daga waje, kansa yana kallonka, jikinsa ya bi ta cikin hob. Na waje ana zura shi daga ciki, kansa ya ɓuya, jikinsa ya kwanta a waje. In ƙafar mai birkin diski ce ko hob ɗin gefe ɗaya ya fi girma, zaka iya samun iri uku ko huɗu, tsawon dama daban na hagu daban, shi yasa nace a ajiye samfurin kowane.

Tsoma zaren kowane a ɗan mai, ka shafa kaɗan a ƙarƙashin kan noti inda zai zauna a rim.

Ka kalli ramukan rim, nan sirrin yake

Ɗauki rim ka juya shi a hankali a haske. Kowane rami yana kan wani ɗan kumburi, kuma ba tsaye aka huda shi ba, kowanne akwai inda yake kallo. Huɗu-huɗu suke tafiya: ɗaya yana kallon dama ta gaba, ɗaya hagu ta gaba, ɗaya dama ta baya, ɗaya hagu ta baya, sai su sake maimaitawa, sau tara a rim mai 36. In idonka bai kama ba, ɗaura noti a kan sifok ka zura ta rami ka bar shi ya zauna da kansa, zaka ga inda ya nuna. Wallahi duk wanda ya fahimci wannan ba zai ɓata ba ko da hoton ya goge. Sifok ɗin da ya shiga raminsa yana shiga salin alin, wanda sai ka tanƙwara shi ko ka danne shi da gwiwa, ba gidansa bane, cire shi.

Dalilin da yasa suke gittawa maimakon su tafi kai tsaye shi ne ƙarfin inji da na birki ta hob suke shigowa, sai sifok ya kwanta a karkace kafin ya iya jan rim. Rabi suna ja lokacin da ka murɗa totur, rabi suna riƙewa lokacin da ka taka birki. James Starley na Ingila ne ya fito da wannan tsarin a kekuna a 1874, daga nan ya shiga babura da motoci masu ƙafa huɗu, tsofaffin MG da Jaguar suna da sifok 48 ko 60 ko 72, kuma ƙa'idar ɗaya ce da wadda muke yi a nan, yawan layi ne kawai ya bambanta.

Jerawa

Shimfiɗa kwali ko tsumma a kan benci don kar rim ya karce. Na ciki ake fara sakawa, duka gefe biyu, don in na waje suka riga shiga sun tare hanya. A bakin hob na sama akwai rami 18, ka zura na ciki a rami ɗaya ka tsallake ɗaya, guda 9 kenan. In tsohon hob ne duba da kyau, tsofaffin sifok sun bar sawu a jikinsa, sawun zai nuna maka wane rami ne na ciki wane na waje da kuma inda kowane ya karkata. Juya hob ka zura sauran 9 na ɗaya gefen. Wasu suna ɗaure su da roba kafin su juya don kar su zube, dabara ce mai kyau.

Ajiye hob a tsakiyar rim, alamar allinka tana gefen birki. Sa ɗan katako a ƙarƙashin rim ya ɗago daidai tsakiyar hob. Kwantar da 9 na sama duka su kalli hanya ɗaya yadda hoto ya nuna. Ɗauki guda, nemo ramin da ke kallon sama kuma yake fuskantar sifok ɗin, zura, ɗaura noti zagaye biyu ko uku da hannu, kar ka wuce haka. Na gaba ka tsallake rami uku ka saka a na huɗu. Haka har 9 su ƙare. In ka zo na ƙarshe lissafi bai cika ba, ka yi kuskuren ƙirga a wani wuri, koma ka duba.

Juya ƙafar. Nan ne ake yawan rikicewa, don rami tara ne suka dace da sifok na farko ta fuskar kallo, amma ɗaya ne kawai ya dace da tsawonsa. Murɗa hob ɗin kaɗan yadda na farkon zasu miƙe, hob ya zauna a tsakiya, sai ka kwantar da na biyu ka ga ramin da bakinsa ya kai. In ya wuce rami da yawa ko ya kasa isa da nisa, matsa huɗu gaba ko huɗu baya. A yawancin motocin Japan da na China na cikin gefe biyu suna saɓa wa juna, wannan ya yi gaba wancan ya yi baya, amma hotonka shi ne alƙali.

Sai na waje. Zura daga cikin hob ya fito waje, kwantar da shi ya kalli akasin na cikin da ke gefensa, ya tsallake su ta sama sau biyu ko uku yadda ka rubuta, ƙirga ramukan nan da ka ƙirga tun farko ka tabbatar. Masu gyaran keke ku kula a nan, a keke ana saƙa gittawar ƙarshe a cusa sifok ta ƙarƙashin ɗan'uwansa, a moto ba a yi, na waje yana waje na ciki yana ciki, don kaurinsa bai yarda da lanƙwasa ba. In na ƙarshe-ƙarshe sun ƙi isa, sassauta notin da ke kusa, kar ka ja da filaya.

Duka 36 sun shiga, ƙafar tana kwaram-kwaram, daidai kenan.

Ɗaurin farko

Fara daga ramin bawul kullum don ka san inda ka tsaya. Sa sukudireba ta bayan noti ka ɗaure kowane har ya rage zare biyu ana gani, kowa daidai da kowa. Zagaya na biyu ka kai su har zare ya ɓuya. In tun kan ka kai rabi sun fara tauri, ka yi yawa, koma baya ka rage ma kowa. Wannan matakin in ka yi shi da gaskiya rim zai fito kusan a miƙe, in ka yi gaggawa kuma sai ka wuni kana bin rawa. Ɗauki ƙaramar guduma da fanci ka ɗan bubbuga kan kowane sifok ya zauna a raminsa, a hankali, ba dukan ƙera ba.

Saiti

Zura aksil da sifesa, ka kama shi a bais, ko ka mayar da ƙafar cikin fok ɗin moton ba taya. Ba sai kana da injin saiti ba. Ɗauki tsohon sifok ka ɗaure shi a jikin bais ko fok, bakinsa ya kusa taɓa rim, ka riƙe alli a hannu.

Rawa iri biyu ce, tsalle sama da ƙasa, da kaɗawa dama da hagu. Tsalle ake fara kashewa. Sa tsinken, wato tsohon sifok ɗin nan, yana kallon inda bakin taya ke zama, juya a hankali, inda rim ya taso ya taɓa ka yi alama daga farko zuwa ƙarshe. Je kishiyar wajen ka sassauta sifok huɗu ko shida kwata-kwatan zagaye, ka dawo wajen alamar ka ɗaure huɗu ko shida, na dama da na hagu daidai wa daida, na tsakiya su fi samu na gefe su samu kaɗan. Goge alli, sake juyawa. Wajen waldar da aka haɗa rim a masana'anta kullum akwai ɗan tsalle gajere, ƙyale shi, sifok baya gyara shi.

Ka tuna in kana kallon noti ta bayan rim, wato ta inda tib ke zama, juyin agogo shi ne ɗaurewa. In kana riƙe da makulli ta ciki abin zai zo maka a juye, yara da yawa suna kwancewa suna zaton ɗaurewa suke. Taɓa sifok ɗin da yatsa bayan ka juya ka ji ko ya ƙara tauri.

Tsalle ya ragu, mayar da tsinke gefen rim. In rim ya kauce hagu a wani wuri, sassauta na hagu a wajen, ɗaure na dama da adadin da ka sassauta. Haka tsallen da ka gyara ba zai dawo ba. Kwatan zagaye, in ka kusa gamawa rabin kwata. Kar ka ɗora ma sifok ɗaya aikin biyar, raba musu. Kuma kullum ka bi rawar da ta fi girma, ka gama da ita ka nemi mai bi mata, zaka yi ta kai da kawo tsakanin tsalle da kaɗawa, ba matsala, haka aikin yake.

Tun sifok basu yi tauri sosai ba ka ɗauko rularka ka duba awon nan na farko. In rim yana buƙatar matsawa wajen birki, sassauta duk 18 na ɗaya gefen kwata, ɗaure duk 18 na gefen birki kwata, sake aunawa.

Littattafan gyara na Honda da yawa sun sa milimita 2 a matsayin iyakar rawa, sama da ƙasa ko gefe. Wannan iyaka ce ta ƙafar da ta riga ta sha hanya. Sabon ɗauri ka kai shi ƙasa da milimita 1, da rim mai kyau rabin milimita ma yana yiwuwa.

Ɗaurin ƙarshe da ƙara

Yanzu a ƙara ma kowa ƙarfi ba tare da saiti ya ɓaci ba. Daga bawul ka ɗaure ɗaya kwatan zagaye, tsallake biyu, ɗaure na gaba, haka zaka dinga faɗawa dama da hagu bi da bi, duk zagaye ka matsa ɗaya gaba, zagaye uku ka taɓa duka 36. Bayan kowane zagaye uku juya ka duba. Mai makullin da ke auna ƙarfin ɗauri, ƙananan motoci yawanci wajen 3 zuwa 4 Nm ne a ma'auninsa, duba littafin naka. Wanda bashi da shi kunne ya ishe shi. Buga kowane sifok da sifana a tsakiya, mai kyau yana amsawa ƙwal kamar tsarkiyar garaya da aka ɗaure, sako-sako kuma ƙararsa a mace take. Na gefe ɗaya su yi murya kusan ɗaya. In ka samu mai mutuwar murya a wajen da rim yake a miƙe, to maƙwabcinsa na gefensa ya ɗauke masa kaya, rage ma wancan kaɗan ka ƙara ma wannan.

Kar kuma a wuce gona da iri. Ɗauri fiye da kima yana zurmar da ramin rim, yana cinye zare, kuma in ba daidai aka ja ba yana iya murɗa durom har kaji birki yana kamawa yana saki a ƙafarka. Kama sifok biyu-biyu ka matse da hannu ka zagaya, su zauna, sai ka sake duba saiti sau ɗaya.

Shafa yatsa a cikin rim kan kowane noti. Duk sifok ɗin da bakinsa ya leƙo ko kaɗan ne, goge shi da magagari ko gurainda ya yi daidai da kan noti, share garin ƙarfen. In duka sun leƙo da yawa to sifok ɗin sun yi tsawo, wataƙila zare ya ƙare noti ya tsaya kana zaton ya ɗauru, wannan canzawa ake yi. Mayar da robar ciki, in ta tsufa sayi sabuwa ko ka yanko daga tsohon tib ka huda wajen bawul. Yawan facin da ba a ga ƙusa ba daga nan yake zuwa, mai faci ya liƙe yau gobe ya sake sacewa.

Saka taya ka lura da kibiyar da ke jikinta, buga iska, duba layin da ke gefen taya ya fito daidai duk zagaye, mayar a moto ka ga tazarar dama da hagu, gwada birki kafin ka hau titi. Sabbin sifok suna zama a kwanakin farko, saboda haka ka ce ma mai moto ya dawo bayan sati ɗaya, in mai ɗaukar kaya ne ko mai bin hanyar ƙasa ma kar ya kai haka. Ɗaga ƙafar, bi su da sifana ka saurara, ƙara ma waɗanda suka saki kwata-kwata, ka juya ka duba rawa. Daga nan duk lokacin da aka zo juyen mai a buga su a ji, wanda ya tsinke kuma a canza shi a ranar tare da duba na kusa da shi, don kayan da ya sauke su ne suke ɗauka.